Na Karkatar wa Baba Ɗakin Matuƙi, Ga Shi Zai Ɗauki Jikokinsa a Mota

Gaisuwa gare ki Anti mai wannan shafi, da duk masu karatu, Kirista da Musulmi. Don Allah a sakaya sunana. Kuma ina roƙo, kafin kowa ya zage ni ya daure ya karanta har ƙarshe. Zagin ma na riga ku, kullum sai na yi wa kaina kafin in fita aiki.

Ni ce auta a gidanmu. Muna zaune a Kamazou, daga ni sai Baba tun bayan rasuwar Mama. Ina aiki a wani shagon kwamfuta a Sabon Tasha. Yayana namiji yana Abuja da matarsa da 'ya'yansa. Baba tsohon matuƙin jirgin yaƙi ne, ya ajiye kaki lokacin da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Tun daga nan abin da ya rage masa shi ne coci da gonarsa ta Kakau, wadda yake tuƙa kansa zuwa a tsohuwar motarsa. Mutum ne da ko kofin ruwa ba ya son a miƙo masa, sai ya ce shi ba gawa ba ne.

Yaya ne ya kawo masa kwamfuta da wani gem na jirgin yaƙi, har da sandar tuƙi da ake riƙewa a hannu. Da farko Baba ya yi tsaki, ya ce an mayar da shi yaro. Amma da na kunna, ɗakin matuƙin ya bayyana a sikirin, ga agogunan jirgi birjik, ga gilashi, ga hancin jirgin a gaba, sai ya jawo kujera. Can ya ce, "Wannan mazaunin na dogon mutum ne. Ni ba haka nake ganin hancin jirgina ba." A nan na gano ashe ana iya saita inda kan matuƙi zai zauna. Ana ɗaga shi, ana sauke shi, ana matso da shi kusa da agogo, ana faɗaɗa abin da ido zai ɗauka, sannan a ajiye kowane kallo a kan madanninsa. Wannan na gaba, wannan na agogo, wannan na waiwayen kafaɗa. Da yamma in na taso aiki sai mu zauna, shi yana ba da oda ni ina taɓawa. "Ɗaga kaɗan. Kai, Auta, kin wuce! Sauko. Yauwa, tsaya nan." Ranar da saitin ya zauna daidai, wallahi na ga idon Baba ya kawo ruwa, ya ce wai fanka ce ta yi masa yawa.

Daga ranar ya daina kirana Auta in muna gaban kwamfuta, sai dai Injiniya. Ya koya mini yadda suke yi a wurin aiki: kafin matuƙi ya tashi zai dubi mai kula da jirginsa a ƙasa, in ya ɗaga masa babban yatsa, shi ke nan, ba ya sake tambaya. Ya ce, "Yatsan nan rai ne. Matuƙi ba ya sauka ya duba bayan injiniyansa." Sai ya zama wasanmu. Zai zauna ya gyara tabarau ya ce, "Injiniya, jirgi lafiya?" In ɗaga yatsa in ce, "Lafiya lau, yallaɓai." Ban taɓa jin daɗin zama da mahaifina kamar lokacin ba.

Bara hawan jini ya kayar da shi. Allah ya taimaka aka yi saurin kai shi asibiti, hannu ya dawo, ƙafa ta dawo, magana ta dawo. Kowa na ta godiya. Ni da nake gida da shi ce na fara ganin abin da bai dawo ba. Zai cinye tuwo ya bar naman da ke gefen dama na kwano, ya kuma tambaye ni ko nama ya ƙare a gari. Kafaɗarsa ta dama kullum sai ta daki ƙofa. In na zo masa ta dama sai ya zabura ya ce ina tafiya kamar mage. Likita ya ce a koma a auna masa ido, Baba ya ce idon da ya yi shekaru yana hango jirgi a cikin gajimare ba ya bukatar tocilan wani yaro. Da Yaya ya zo ya ce a karɓi makullin mota, ranar har maƙwabta sun ji mu. A ƙarshe Baba ya nuna kwamfutar ya ce, "Ga alƙali nan. Duk ranar da na tashi da jirgin nan na kasa dawo da shi, ni da hannuna zan ba ku makulli." Yaya ya gaji da musu, ya yarda, ya juyo ya ce mini, "Ke ce shaida. Ke kike nan."

To ranar ta zo, kuma ni kaɗai ce a wurin. Ya tashi lafiya. Sai ga jirgin abokan gaba ta dama, ƙato, ina ganinsa ƙuru-ƙuru a sikirin, Baba kuwa ko gezau, yana kallon gaba har aka harbo shi. Ya ce in sake sa masa. Aka kuma. Da ya samu ya lallaɓo zai sauka, fitilar da ke nuna tayoyi ba su fito ba tana ta ƙiftawa a gefen dama, bai gan ta ba, jirgin ya daki ƙasa da ciki ya kama wuta. Ya tashi a hankali, ya je ya ciro makullin daga ƙusar da yake rataye shi, ya ajiye a tafin hannuna ya naɗe mini yatsu a kai. Ya ce, "Kira yayanki." Sannan ya je ya zauna a kujerar Mama, wadda tun rasuwarta bai taɓa zama a kai ba. Anti, ban san mutum zai iya tsufa a gaban idonka lokaci ɗaya ba sai ranar. Kafaɗunsa suka zube. Ni kuma bakina ya riga hankalina, na ji ina cewa, "Haba Baba, ai laifina ne. Saitin ne ya lalace jiya da na taɓa, na manta ban gaya maka ba." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Kin tabbata, Injiniya?" Na ce na tabbata.

Kun ga shi ya cika alkawarinsa. Ni ce na mayar masa da makullin.

Washegari kafin ya dawo daga taron maza na coci na zauna na yi aikina. Na ɗan juya kan matuƙin zuwa dama, yadda abin da ke ɓoye masa zai matso tsakiya. Na faɗaɗa kallon don komai ya tattaru. Kallon agogo kuma na tura shi, fitilar tayoyi da agogon mai suka dawo hagu inda yake gani. Akwai wani saiti da ke sa kallo ya riƙa bin jirgin abokan gaba da kansa, shi ma na kunna na rage masa sauri, don Baba ya ɗauka shi ne ya hango. Ya zauna ya ce, "Kamar hancin ya ɗan karkace." Na ce masu gem ɗin ne suka sabunta shi. Ya ce, "Jirgi lafiya?" Na ɗaga yatsa. Ya tashi, ya kakkaɓo su, ya dawo ya sauka sumul, ya buga teburi yana dariya yana cewa, "Ki gaya wa ɗan Abuja!" Daga nan duk sanda na ga ya fara kuskure sai in ƙara juyawa kaɗan, kaɗan, yadda ba zai lura ba. Yanzu in wani mai lafiyar ido ya zauna a kujerar nan, zai rantse matuƙin wuyansa ne ya sanƙare. Ni kuma ina gaya wa kaina wai tausayi ne. Wane irin tausayi? Ni dai na san tsoro nake kada in sake ganinsa a kujerar Mama.

Abin da ban yi tunani ba, ko in ce na ƙi in yi tunani, shi ne hanyar Abuja da yake bi zuwa gona ba ta da saiti. Kwanakin baya na raka shi gona. A dawowa mun shigo Gonin Gora, kun san yadda masu talla ke cika bakin titi ta hannun dama. Wata mata ta matso da farantin ayaba a hannu. Ina ganinta, na ɗauka shi ma ya gan ta. Sai ji na yi ƙwas, madubin gefena ya naɗe, ayaba ta watse. Na waiwaya na hango ta a ƙasa tana riƙe da hannu, mutane na ɗaga mana hannu suna ihu. Baba ya ce, "Ramukan titin nan sai Allah," ya ci gaba da ba ni labarin masarar bana. Bai ji komai a ransa ba domin bai ga komai ba. Ni kuwa me na yi? Na ce ya tsaya? Ban ce ba. Na zuge gilashi a hankali na miƙar da madubin, na haɗiye kukana har gida.

Na kasa zama, na hau motar haya na koma wurin ni kaɗai kamar mai sayen ayaba. Na sami matar da hannu ɗaure a wuya da ɗankwali, tana ba da canji da hagu. Na ce, "Sannu Mama, me ya same ki?" Ta ce, "Wani tsoho ne 'yata, mai farar mota. Ko waiwayowa bai yi ba. Masu mota ba su ɗauke mu mutane ba, amma na bar shi da Allah." Babana ake nufi fa. Mutumin da ya taɓa taka akuya a Kakau ya yini yana neman mai ita gida-gida. Na tsaya da ledar ayaba a hannu ina cewa Allah ya ƙara sauƙi, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. In Allah zai bi wa matar nan hakkinta, wa zai bi, shi ko ni?

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ranar Asabar mai zuwa Yaya zai kawo yaransa hutu, ya sauke su ya wuce ƙauye wurin jana'izar wani ɗan'uwan matarsa. Baba ya riga ya yi musu alkawari a waya: zai nuna musu yadda kakansu ke tuƙa jirgi a gaban babansu, sannan ya ɗebe su a mota zuwa Kakau su gasa sabuwar masara. Ƙaramar ma har ta ce ita ce a gaba. Ni ban iya mota ba. Na ce mu ɗauki shatar keke napep, ya ce shi da motarsa a ƙofar gida? Matar Yaya ta kira ni ta ce, "Auta, tsakaninki da Allah, Baba yana tuƙi lafiya?" Na ce ba na jin ta sosai, na kashe waya.

Duk inda na juya bango ne. In na gaya wa Baba gaskiya, zai san duk saukar da ya yi yana murna ta bogi ce, zai san yatsan da na riƙa ɗaga masa ƙarya ne, zai kuma san ya buge mace ya wuce. Mai hawan jini ne, zuciyarsa za ta ɗauka? In na gaya wa Yaya, na san halinsa, zai zo da faɗa ya ƙwace makulli a gaban yara, ya ce a tattara Baba a kai Abuja, kuma a cikin ihu Baba zai ji abin da na yi. Akwai madanni ɗaya da in na taɓa, kallon zai koma yadda muka saita shi tun farko, na gaskiya. In na yi haka shiru, za a harbo shi a gaban jikokin da ya gama yi wa alfahari, kuma na san abin da zai biyo baya: zai juyo ya ce, "Injiniya, saitin ne?" Me zan ce masa a lokacin? Har na yi tunanin in ɓoye makullin ko in sace iskar taya, amma wannan ƙarya ce a kan ƙarya, kuma Asabar ba guda ɗaya ba ce a duniya.

Ba na neman a ce mini ban yi laifi ba. Na yi. Abin da na sani shi ne yaran nan ba za su shiga motar nan ba ina raye, amma ban san ta wace ƙofa zan bi in hana ba tare da na kashe tsohon nan a tsaye ba. Masu iyaye tsofaffi, ku da kuka taɓa karɓar wani abu daga hannun mahaifinku, yaya kuka yi?

Jiya da yamma na dawo na tarar ya wanke motar tas da kansa, yana goge madubin nan na dama da tsumma. Ya gan ni ya washe baki ya ce, "Injiniya, ki duba mini jirgi da kyau kafin Asabar, kada ki ba ni kunya gaban sojojina. Kin san ni, in kika ɗaga yatsa ba na waiwaye."

Anti, jama'a, ranar Asabar zai zauna a kujerar nan, yara a bayansa, ya juyo ta hagu inda yake iya ganina ya ce, "Jirgi lafiya?"

Me zan yi?