Hucin Ƙaramar Amfilifaya

Litinin, 3 ga Maris

Na kawo ta gida yau. Amfilifaya kilas D, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ba ta fi kwalin sabulu ba. Dogo, wanda muke aikin sauti tare a ɗakin taro, shi ya dame ni da ita. Wai ba ta zafi, ba ta shan wuta, wai kunnawa da kashewa take yi da sauri maimakon ta zauna tana ƙona lantarki irin tsohuwar amfilifayata. Tsohuwar tana ƙarƙashin gado, falon nan ba shi da wurinta. Tun da muka tare a benen nan mai bango kamar takarda, ga maƙwabciya da jariri, matata Maman Auta ta kafa doka, sauti kada ya wuce ƙofar falo. Ni da na yi furfura ina girgiza ɗakin taro, a gidana sai raɗa.

Alhamis, 6 ga Maris

Da kowa ya fita na buɗe mata murya. Ba laifi, gaskiya. Amma ina ragewa sai ta mutu murus. Bes, wato kakkauran sautin ƙasa, ya gudu, siririn sautin sama ya dushe, kamar an lulluɓe mawaƙin da bargo. Ga kuma wani huci a bayan waƙar, ssss, ba ya tsayawa. In waƙa ta yi shiru sai ya fito fili. Abin da ake kira ci gaba ke nan.

Asabar, 8 ga Maris

Na faɗa wa Dogo. Ya ce tasa ko ka manna kunne a sifika ba ka jin komai, in duba wayoyi. Wai kuma kunnen kowa yana rasa bes in an rage murya, ba laifin na'ura ba ne. Dogo ne yau yake karantar da ni. Ni na nuna masa yadda ake naɗe waya ba ta karye ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Na sauya wayoyi. Na sauya soket. Huci yana nan.

Laraba, 12 ga Maris

Manaja ya kira ni ofis. Wai a taron jiya sauti ya yi kaifi, har wata baƙuwa ta fito tana toshe kunne. Na ce sifikunsa ne suka tsufa, tun yaushe nake faɗa. Ya yi ta juya biro, sannan ya ce ko Dogo ya zauna a kan mikisa, na'urar haɗa sauti, ranar babban taro, in ɗan huta. Hutu! Na san irin wannan hutun, daga shi sai sallama.

Abin da ya fi cin raina ban faɗa ba. Jiya da na je shan ruwa na dawo, na tarar an rage sama a mikisata. Dogo yana ta kallon silin. Na mayar inda yake.

Juma'a, 14 ga Maris

Ina durƙushe gaban sifika ina farautar huci, Maman Auta ta fito daga wanka da gudu. Ashe butar shayi ce ta daɗe tana busa fito a kicin har ruwan ya ƙone. Ta tsaya tana kallona. Na ce hankalina yana kan wannan 'yar banzar na'urar ne. Ta juya ta koma kicin.

Talata, 18 ga Maris

Na jawo tsohuwar daga ƙarƙashin gado, bayana har yanzu yana gaya mini. Na goge ta, na haɗa, na jira ta ɗumama. Ƙamshin ƙura mai zafi ya tashi, na ji kamar na ga ɗan'uwa. Na rage murya daidai dokar gida.

Dushewar tana nan. Hucin ma.

Na ce to sifiku ne. Na miƙa hannu na zare filogi don in kwance su. Fitilar amfilifaya ta mutu. Ba abin da yake kunne a falon, ko fanka. Ssss.

Ban san daɗewar da na yi zaune da filogi a hannu ba. Maman Auta ta shigo da kayan da ta kwaso daga shanya.

Na ce, “Kina jin wani huci?”

“Wane huci?”

“Wanda nake ta magana tun ranar da na kawo ƙaramar.”

Ta ajiye kayan a kujera. “Baban Auta, ban taɓa jin sa ba. Na ɗauka ka sani, kana dai neman inda za ka sauke laifin ne.”

Tsoro na ji. Na rubuta a nan don ba mai gani. Kunnen nan shi ne gonata, ba ni da wata.

Laraba, 19 ga Maris

Ban kunna komai ba. Shi hucin bai damu da sai an kunna ba.

Asabar, 22 ga Maris

Babban taro. Ni na zauna a kan mikisa, ban ba da kujerata ba. Kafin baƙi su shigo na ce wa Dogo ya riƙe sama, ni in ji da sauran, wai aiki ya yi mini yawa. Bai kalle ni ba. Ya ce, “To, Oga.” Da ma dariya ya yi, da na sami abin riƙewa.

Bayan an tashi manaja ya zo yana yabona, wai yau ne ya ji sauti. Na karɓa. Ban taɓa cin yabo mai ɗaci irin wannan ba.

Lahadi, 30 ga Maris

Tsohuwar ta koma ƙarƙashin gado, zafinta ya ishi falon. Ƙaramar ce a kan kantar falo. Ban ce ta yi daɗi ba.

Na kira Maman Auta ta saita min sama. Ta yi ta murɗa maɓallin tana rage shi, ta wuce inda na saba bari da nisa, sannan ta ce nan ne daidai. A wurina kamar daga gidan maƙwabta ake waƙar. Na bar shi a nan.

Ta ce likitan kunne ran Talata yake zama. Ban ce zan je ba. Na dai gaya wa manaja ran Talata zan makara.