Ƙullin Ƙasar Mama Janaki

Silver Spring, Amurka

Yaya Maitama,

Assalamu alaikum. Ya jikin Anti Hairat, ya zaman jinya a Indiya? Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne.

Yaya, na tafka abin kunya, kuma in ba kai ba ban san wanda zan faɗa wa ba. Ka san Mama Janaki, tsohuwar Ba'indiyar da nake kula da ita a gidan ɗanta Mohan. Kwanan baya ina canja mata zanin gado sai na ga ƙulli a ƙarƙashin matashin kanta, jan ƙyalle ɗaure da zare, cike da ƙasa. Da ma ina ta fama da ciwon kai. Na kira ƙawata Zeinabou, ta ce, "Ke, sammu ne! Haka ake ɗaure mai aiki ta kasa barin gida." Ni kuma uwar wauta, na yi bisimilla na juye shi a masai, na kora da ruwa.

Ashe ƙasar wurin bautarsu ce, wanda aka gina a daidai inda aka haifi wani waliyyinsu, daga ko'ina suke zuwa ziyara can. Ita da marigayi mijinta suka ɗebo tun suna amarya da ango. Wasiyyarta ɗaya ce: a damƙa mata ita a hannu in za ta cika. Likita kuwa ya ce zuciyarta ta gaji. Mohan ya ce ba su da kowa a can yanzu, shi kuma ba zai tafi ya bar ta a haka ba.

Na duba, garin tafiyar yini ce a jirgin ƙasa daga inda kuke. Don girman Allah, Yaya, ka je ka ɗebo min.

Ƙanwarka,
Sailuba

*

Zuwa ga ƙanwata Sailuba,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Hairat da sauƙi, tana gaishe ki.

Na karanta saƙonki, raina kuma bai yi daɗi ba. Kin taɓa abin da ba naki ba, kin bi zancen Zeinabou wadda ko kukan mage ta ji sai ta ce turo shi aka yi. Amma abin da kika nema ba zai yiwu ba. Da girmana, da gemuna, in tafi gidan gumaka in ce a ba ni ƙasa? 'Yan Kano sun cika asibitin nan, kafin in dawo labarin ya riga ni zuwa unguwarmu.

Ki je ki faɗa mata gaskiya ki nemi gafara. Iyakar abin da ke kanki ke nan.

Ki huta lafiya.
Yayanki, Maitama

*

Yaya,

Barka da war haka. A gaishe min da Anti.

Faɗar gaskiya a takarda ba wuya! Na buɗe baki ya fi a ƙirga, harshena ya ƙi. Ka san abin da ke kashe ni? Ba ta zargi kowa ba. Kanta take zargi. Cewa take ita ta ajiye ta manta, ƙwaƙwalwarta ce ta lalace. Ta zauna bakin gado tana dukan goshinta da tafin hannu tana kuka. Ni kuma, marar kunya, sai in durƙusa in leƙa ƙarƙashin gado wai ina taya ta nema. Jiya har ta shafa kaina ta ce, "Bari, 'yata, kin gaji."

Ka tuna likkafanin Inna da ta wanke da zamzam a Makka, ta ajiye a ƙasan akwati shekara da shekaru? Da wata mai aiki ta ɗauka ta yi tsumma da shi, me za ka yi mata? Ni ce mai aikin nan, Yaya. Ban ce ka bauta wa komai ba. Kaya na zubar wa mutane, nake so in mayar. Ta daina cin abinci sai ruwan shayi.

Taka,
Sailuba

*

Ƙanwata Sailuba,

Ina fatan kina lafiya. Na je.

Ban gaya wa kowa ba, Hairat ma cewa na yi magani zan nemo. Na cire hulata na cusa a jaka tun a tasha don kada a gane ni. Wurin cike yake da masu ziyara, ƙafa ba takalmi, kowa da furanninsa. Na tsaya bakin ƙofa kamar wanda ya zo sata. Wani dattijo mai kula da wurin ya zo ya tambaye ni da Turanci, na zayyana masa komai, har batun masai.

Na zaci zai kore ni. Sai ya ba ni ruwa, ya ce, "Kai Musulmi ne, ba sai ka shiga ba." Ya shiga ya ɗebo ƙasar daga gindin wata bishiya. Ni kuwa safar hannu ta asibiti na zaro don kada ta taɓa ni. Ya kalli safar, ya kalle ni, ya yagi gefen mayafinsa ya ƙulla ƙasar a ciki. Wallahi tun da nake ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba.

Na ba wani ɗalibi, Fahad, zai sauka Washington ranar Asabar. Amma ki ji: kada ki jefa ƙullin bayan gado ki ce kin tsinta. Na san halinki.

Allah ya rufa mana asiri.
Maitama

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Saƙo ya iso, Allah ya saka.

Na durƙusa na faɗa mata komai. Ta karɓi ƙullin ta sansana. Sannan ta ce, "Ƙasar na yafe miki. Amma kina tsaye kina kallona ina dukan kaina, kin bar ni ina zaton na haukace." Ta juya fuskarta bango.

Ta rasu ranar Alhamis da safe, ƙullin yana hannunta. Ina ɗakin kullum har ranar, ni ke juya ta, ni ke ba ta ruwa. Ba ta ƙara ce min 'yata ba.

Ka sa ni a addu'a.
Sailuba