Furanni a Kan Likkafanina

Litinin, 6 ga Maris
Autata Nakirigya ta iso daga Kampala da ƙawarta Hiral, jikar wasu Indiyawa, da jaka cike da katakai masu sassaƙen fure. Na kakar Hiral ne wai, a tsoma a rini a danna kan yadi. So suke su gwada a kan mayafin ɓawon itacen mutuba da nake bugawa. Na ce shekara hamsin ina dukan ɓawo da guduma a garin Masaka, ba wanda ya taɓa cewa yana buƙatar kwalliya. Ta ce, "Baba, kai ma ba wanda ya ce kana buƙatar gemu." Bakin marigayiya uwarta sak.

Laraba, 8 ga Maris
Na ce su ɗebi mayafan da ke rumfa su yi ta wasansu. Hiral ta durƙusa gaishe ni irin namu, saura kaɗan ta kife. Faranti biyu na matoke, dafaffiyar ayabarmu, ta share. Yarinyar kirki ce.

Asabar, 11 ga Maris
Wayyo ni. Na dawo daga gonar kofi na tarar sun sauko da mayafin da na naɗe can sama cikin busasshen ganyen ayaba. Rabinsa duk baƙaƙen furanni. Likkafanina! Ɓawon ƙarshe na itacen da uwar Nakirigya ta dasa, kafin ya bushe. Babu wani kuma. Laifina ne, ban taɓa gaya mata ba, to wa ke gaya wa 'yarsa irin wannan? Duk da haka na yi ta ihu har kaji suka watse.

Lahadi, 12 ga Maris
Nakirigya ba ta je coci ba. Idonta a kumbure.

Talata, 14 ga Maris
Hiral ta same ni a rumfa da katakon a hannu. "Ba ya goguwa, Baba, mun gwada." Wai furen nan ne a kan mayafin da aka lulluɓe kakarta da shi ranar da ta rasu. Na karɓa na jujjuya. Mariƙin ya suɗe da hannu kamar ƙotar gudumata. Na daɗe ban mayar mata ba.

Juma'a, 17 ga Maris
Rabi da fure rabi babu, sai ka ce askin da aka bari a tsakiya. Ni ba na son aiki rabi, dalilin ke nan kawai. Na sa suka ƙarasa. Layin ƙarshe ni na danna, ya karkace. Nakirigya ta yi dariya har ta koma kuka, na ce ta matsa kada ta jiƙa mini kaya.

Litinin, 20 ga Maris
Sun tafi. Na naɗe shi na mayar sama. A bakin mota na ce wa Nakirigya in ranar ta zo a juya furannin ta ciki, wajen jikina, don kada dangi su yi surutu. Ta ce, "To, Baba. Saboda dangi." Kallon uwarta ta yi mini.