Hoton Wartina a Ƙofar Ruwa

Semarang, 9 ga Mayu, 1994

Zuwa ga Yaya Wartina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Yaya jikin Mas Diman? Allah ya ƙara wa mijinki sauƙi, ya ba ki ladan jinya. Na iso lafiya, kuma soyayyen waken da kika ɗaure mini bai kai rabin hanya ba.

Ga hotunan ƙofar ruwa goma sha biyu na wanke muku. Kin tambaye ni abin da zan yi da hoton tsohon ƙarfe, ban samu na ba ki amsa sosai ba. Shekara uku ke nan ina bin gadojin jirgin ƙasa, da tankunan ruwa na tashoshi, da kwalbatoci, da matsayar jiragen fito, abubuwan da suke aiki kullum amma ba mai ɗaga kai ya dube su. A watan Yuli za a baje su a wani zaure nan cikin gari. Na ga madatsu da yawa, Yaya, amma ban ga wadda ta kai tamu ba. Dubi na bakwai, inda 1926 ta fito raɗau a jikin sitiyarin ƙarfen. Tun zamanin Turawan Holan yake juyawa, Baba ya shafa masa giris shekara talatin da ɗaya, ga shi har yau yana raba wa ƙauyuka shida ruwa.

Ki gaida Mas Diman da kyau.

Ƙaninki,
Taryo

Kedungsari, 22 ga Mayu, 1994

Taryo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Jikin yayanka Diman yana nan yadda ka bar shi, ɓarin dama ba motsi, magana sai wanda ya saba yake ganewa.

Hotuna sun iso. Na baje su a kan tabarma, maƙwabta suka taru. Mbah Sarinem, tsohuwar nan mai sayar da kunu, ta daɗe tana dubawa sannan ta ce, “Wartina, annoba aka yi a garin nan ban sani ba?” Goma sha biyu, ko ƙafar mutum babu. Ga ƙarfe, ga siminti, ga ruwa, har agwagwa ta samu shiga.

Ka tuna yadda ka tsayar da ni bayan ayaba da gwangwanin giris a hannu, kana cewa, “Yaya, ɗan matsa, kina ɓata layin”? Na matsa. Mutanen zauren naka za su ɗauka ƙofar da kanta take buɗewa. Baba ya juya sitiyarin nan har bayansa ya lanƙwashe. Diman ya gaje shi shekara goma sha tara. Ni kuma yau shekara biyu tun da ya faɗi, kafin gari ya waye ina kai, da azahar ina kai, in aka yi ruwa a kan dutse ina kai. Hannuna ya zama kamar na maƙeri. A gidan nan na bakin ƙofa aka haife mu ni da kai, amma ko hoto ɗaya na Baba yana aikinsa ba mu da shi.

In za ka dawo a Yuni kamar yadda ka ce, ka ɗauke ni guda ɗaya in ajiye a akwati. Ba sai ya yi layi ba.

Ka riƙa cin abinci, ka rame.

Yayarka,
Wartina

Semarang, 26 ga Yuli, 1994

Zuwa ga Yaya Wartina,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da shiruna tun dawowata, shirin baje kolin ne ya sha kaina.

Yaya, albishirinki. Maganarki ta yi mini zafi a lokacin, amma gaskiya kika faɗa. Hoton da na ɗauke ki da safen nan, kina sanye da hular aikin Mas Diman, kin danna sitiyari ruwa yana tsartuwa a ƙarƙashinki, ban taɓa ɗaukar kamarsa ba. Da na wanke shi na kasa barinsa a akwati. Na faɗaɗa shi ya kai tsayin ƙofar ɗaki, na kafa shi a inda mai shigowa zai fara gani. Hotuna sittin ne a zauren, amma a gabanki mutane suke cunkushewa.

Wani ɗan jarida ya tambaye ni ko wace ce, na ba shi labarinki duka. Ga shafin na yanko miki. Dubi kanun: “Matar da ta shekara biyu tana shayar da ƙauyuka shida, mijinta na kwance.” Har sunan Kedungsari sun sa. Yanzu duk lardin nan ya san waye yake juya ƙarfen. Ki nuna wa Mbah Sarinem, ki ce mata annobar ta wuce.

Naki ƙaramin kwafin zan kawo da hannuna. Gaisuwa ga Mas Diman.

Ƙaninki mai alfahari da ke,
Taryo

Kedungsari, 11 ga Agusta, 1994

Taryo,

Salam. Wasiƙarka ta iso ranar Laraba. Motar ofishin ban-ruwa ta riga ta da kwana biyu.

Mutum uku suka fito. Biyu ban san su ba, na ukun Pak Harso ne, mai zagayen duba ƙofofi, wanda ya shekara biyu yana shan kofi a barandarmu yana kallon wani gefe in na ɗauki gwangwanin giris. Ranar ko ido bai iya haɗawa da ni ba. Babbansu yana riƙe da jaridarka. Ya ce, “Ina ma’aikacinmu Ngadiman?” Na ce yana ciki, zazzaɓi yake yi. Ya ce, “Zazzaɓin shekara biyu? A fito da shi ya buɗe mana ƙofa ta uku mu gani.”

Diman ya ji daga ɗaki an kira cikakken sunansa. Ya yi ta buga gado da hannun hagu har na shiga, ya nuna mini rigarsa ta aiki. Na ce masa a’a. Ya kafe ni da ido. Na sa masa ita, na ɓalla maɓallai, ni da Pak Harso muka ɗauko shi a kujera muka kai shi kan madatsa. Manoma sun taru. Ya ɗora hannun hagu a kan sitiyarin ya ja, ya sake ja, jijiyar wuyansa ta fito, ƙarfen ko motsi. Miyau ya zubo masa a riga. Ƙaramin cikinsu yana rubutu a littafi.

Na ce wa babban, “Ranka ya daɗe, a shekara biyun nan wace gona ce ta ƙone? Wane ƙauye ne ya kawo ƙara?” Ya ce, “Baiwar Allah, ba ruwa muke bincike ba, takarda muke bincike. A takarda babu ke.”

An sallami Diman, saura shekara uku ya kai fansho. An ba mu wata ɗaya mu bar gidan, tunda na ofis ne. Pak Harso an mai da shi wata madatsa can bayan dutse.

Ƙauyuka shida suka riƙe bakinsu shekara biyu, Taryo. Har masu faɗa da juna a kan ruwa ba wanda ya kai magana ofis. Na gaya maka wannan a kicin, ranar da ka zo a Afrilu. Na ce ofis ba su sani ba. Ka ce “to, to,” kana goge gilashin kyamararka da ɗan ƙyalle.

Wartina

Semarang, 19 ga Agusta, 1994

Zuwa ga Yaya Wartina,

Assalamu alaikum. Tun da na karanta wasiƙarki ban iya taɓa kyamara ba. Wallahi ban tuna maganar kicin ɗin nan ba. Ban ce ba ki faɗa ba, amma ban tuna ba. Da na sani da na sare hannuna kafin in yi magana da ɗan jaridar.

Sai dai, Yaya, ki yi mini adalci kaɗan. Ni ba na sa mutane a hotunana, kin sani. Ke kika ce na goge ku, ke kika ce in ɗauke ki. Abin da na yi, don in ɗaga ki na yi.

Na je babban ofishinsu na nan sau uku. Sau biyu aka ce shugaban yana taro, na ukun aka karɓi takardar kokena aka buga mata hatimi. Ɗan jaridar ya ce zai sake rubutu. Kuma an zaɓi hoton a kai shi babban baje koli na Jakarta a Oktoba. Na yi tunanin janye shi, amma abokaina sun ce in manya suka gan shi a can, ofishin zai ji kunya ya mai da ku. Don haka na bari.

Kafin nan ku taho wurina. Ɗakin da nake wanke hotuna zan kwashe muku, akwai asibiti kusa. Ki ba ni amsa da wuri in nemi mota.

Ki roƙa mini Mas Diman gafara.

Ƙaninki,
Taryo

Ngrejo, 2 ga Oktoba, 1994

Taryo,

Salam. Ka ga adireshi ya canza. Muna gidan ƙanin Diman, a ɗakin da suke ajiye buhunan masara. Kayanmu duka a amalanke ɗaya suka shiga. Bishiyar mangwaron da Inna ta dasa ba ta shiga ba.

Ka ce in yi maka adalci. To ga shi. Na ce ka ɗauke ni in ajiye a akwati. Duba wasiƙar, in ba ka naɗe fim da ita ba. Ban ce ka kafa ni a bango kamar tallan sabulu ba, ban ce ka kwance wa baƙo zanin gidana ba. Kuma ko yanzu da ka ga abin da ya jawo, ba ka sauke shi ba. Abokanka suka ce. Ni ba ka tambaye ni ba, karo na biyu ke nan. Kana tsammanin manyan Jakarta za su ji kunya? Za su tsaya da kofin shayi su ce, “Kai, dubi ƙarfin matan ƙauye,” su wuce hoton gada. Kai ma ka san haka. Hoton ne ba ka iya rabuwa da shi, ka faɗi gaskiya ko sau ɗaya.

An kawo sabon mai tsaro daga gari, da takardar shaidarsa. Abin da ya fara yi shi ne ya shafe sitiyarin da shuɗin fenti, har kan lambar 1926 da kake so. Yana bin jadawalin ofis, Litinin ƙofa ta ɗaya, Talata ta biyu. Jadawalin bai san magudanar Ngrejo tana shanye rabin ruwanta a hanya ba, sai an ƙara mata awa biyu. Waken soyan mutanen nan ya fara rawaya. Shekaranjiya dattawa huɗu suka zo suka zauna a ƙofar ɗakinmu, suka ce, “Wartina, ki je ki nuna masa mana.” Na ce musu a takarda babu ni. Suka tashi ba su sha kofin da na dafa ba. Na san ba su suka yi mini laifi ba. Duk da haka ban je ba.

Ba za mu zo Semarang ba. Diman ba zai kwanta a ɗakin da aka wanke hoton nan ba. Takardar kokenka kuwa ka ɗauke ta hoto, tunda ta samu hatimi.

Kada ka kawo mini kwafin. Kada ka zo da salla. In wani abu ya faru za a aiko maka.

Allah ya tsare.

Wartina

Ngrejo, 20 ga Nuwamba, 1994

Taryo,

Salam. Ni ne Ngadiman. Da hagu nake rubutu, kwana huɗu na yi a kan wannan, ka yi haƙuri da karkata. Yayarka ba ta sani ba. Ƙanina ne zai kai gidan waya.

Ba zan ce na yafe ba. Ban kai nan ba tukuna.

Jaridar da mutanen ofis suka zo da ita, sun bar ta a baranda. Wartina ta so ta ƙone ta, amma na sa an ɓoye mini. Shekara biyu ina kwance ina jin ƙarar sitiyari ta taga. In na tambaye ta da ido sai ta ce, “Ba nauyi, Mas, giris ne sirrin.” Ban taɓa ganinta a kai ba. A hotonka na gani. Ashe tsayinta bai kai ba, bulo biyu take takawa. Ashe da kafaɗa take turawa, ta naɗa tsohon zanina na maza a wurin. Shi ya sa take kwanciya ta gefe ɗaya.

Takardar jaridar ta fara yagewa wurin ninki, fuskar Wartina tana gogewa. Ka wanke mini guda ɗaya, ƙarami, wanda zai shiga aljihun riga. Ka aiko da sunan ƙanina. Kada ka sa wasiƙa a ciki.

Ngadiman