Bangon da Baban Ɗigo Bai Gama Ba

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baban yara da yaran duka. Ya Ɗigo tawa? Allah ya saka miki da alheri da kika riƙe min ita duk watannin nan. Ki yi haƙuri da rashin ɗaga waya. Idan ta yi ƙara sai in tsaya ina kallonta har ta gaji ta yi shiru. Takarda ta fi min sauƙi, ba ta jiran amsa nan take.

Na je wurin likitar da kika matsa min. Ta ce ciwon damuwa ne, ba zafin rashi kaɗai ba, tunda wata tara ke nan da rasuwar Baban Ɗigo amma abin sai gaba yake yi. Ta rubuta min magani, ƙwaya ɗaya kowace safiya. Na karɓo, yana kan taga, ko ɗaya ban ɓare ba.

Zan faɗa miki dalili, amma kada ki yi min dariya. Kin san bangon ɗakinmu da ya fara shafa wa shuɗi kafin ciwo ya kwantar da shi, ya tsaya a rabi. To, Yaya, yana dawowa yana ci gaba. Kullum idan na taso daga shagon buga takardu da azahar, sai in kwanta, kafin la'asar ya shigo da gwangwaninsa da buroshi, da tsohuwar rigar aikin nan mai tabo kala-kala. Ni kuma ina riƙe masa tsani. Har ƙamshin fentin nake ji. Hasken ɗakin yakan yi laushi, labule yana motsi ba iska, ƙirjina ya saki. A duk yini, lokacin kaɗai ne nake jin ni mutum ce.

Na tambayi likitar ko maganin yana taɓa mafarki. Ta ce wasu nasu yana ƙaruwa, wasu yana sauyawa, wasu ba sa tuna komai, ba za ta yi min alkawari ba. Shi ya sa na ce bari in jira ya gama bangon tukuna. Saura daga ƙofa zuwa taga.

Ki shafa min kan Ɗigo. Na bar ki lafiya.

Ƙanwarki, Auta

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya lau, sai dai hayaniyar yara, ta makaranta da safe, ta gida da yamma. Allah ya jiƙan Baban Ɗigo, ya sa ya huta.

Kin ce kada in yi dariya, amma sai da na yi, har da ƙwalla. Mutumin da ya shafe gidajen rabin gari da fenti, shekara bakwai kina roƙonsa ya taɓa naku yana cewa sai an samu sarari, shi ne yanzu kike jira ya gama miki bango? Allah ya ba ki haƙuri, ƙanwata.

Maganar magani kuwa, ni ma ban so ki fara ba. Kin san bakin mutane, gobe a ce Auta ta zauce har ana ba ta ƙwaya. Ki fara gwada abin da ya sauwaƙa. Ki riƙa tafiya shago da ƙafa, ki buɗe tagogin nan rana ta shiga, ki ci abinci ko ba kya jin yunwa, ki riƙe addu'a. Barcin ranar nan kuma ki rage shi, don Allah.

Haƙorin Ɗigo na gaba ya faɗi, tana magana iska na fita, yayyenta sun sa ta a gaba da tsokana. Ta ce in faɗa miki ta iya rubuta takwas ba tare da ta ɗaga fensir ba. Za mu kira ki ranar Asabar da ƙarfe huɗu, ki ɗaga ko sau ɗaya ne, ita ce za ta yi magana.

Taki, Yaya

*

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mutanen gida. Na bi maganarki mako biyar cif, kada ki ce ban yi ƙoƙari ba.

Ina tafiya da ƙafa. Ina wuce mai gyaran takalma, da shagon gilashi, da bishiyar nan ta bakin gada. Komai yana nan, amma kamar ta cikin ruwa nake ganinsa. Mutane suna gaishe ni, sai na yi nisa gaisuwar take isowa kunnena. Na buɗe tagogi, rana ta shigo ta kwanta a ƙasa, na zauna ina kallonta har ta hau bango ta fita. Ina cin abinci, ban san ɗanɗanonsa ba.

A shago ma abin ya fara fitowa fili. Shekaranjiya wata ɗaliba ta kawo takardu a yi mata kwafi. Na kifa su baibai a injin, na tsaya ina kallon hasken nan yana tafiya yana dawowa, yana tafiya yana dawowa, sai da farar takarda sittin ta fito ba ko ɗigon tawada. Maigidan shagon bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Je ki gida ki huta, 'yata." Da ma faɗan ya yi.

Asabar ɗin da kika ce za ku kira na ji ƙarar wayar, wallahi na ji. Amma yana kan tsani a lokacin, na ce idan na saki zai faɗo. Da na farka magariba ta yi. Ki ba Ɗigo haƙuri, ni kunya ta hana ni kira.

Akwai abin da ya fara damuna. Ranar Talata ya kai har gefen taga, na yi murna. Laraba sai na same shi a bakin ƙofa, inda ya faro. Na ce, "Ba ka wuce nan ba jiya?" Ya taɓa bangon da bayan yatsa, yadda yake yi, ya ce, "Bai bushe ba. Ba a ɗora shafi na biyu sai na farko ya bushe." Kullum amsar ke nan. Sai mu zauna mu biyu muna jira ya bushe, kuma zaman yana da daɗi, Yaya, ba zan ɓoye miki ba.

Maganin yana nan kan taga. Allah ya bar zumunci.

Auta

*

Ƙanwata,

Sallama da gaisuwa. Wannan takardar sau uku ina yaga ta, ki karanta a zaune.

Na ba ki shawarar da ni kaina ban bi ba. Bayan haihuwar ɗana na uku, kin tuna lokacin da na rame aka ce shayarwa ce? Ba shayarwa ba ce. Ina shiga aji in tsaya da alli a hannu, in rasa me ya kawo ni. Na yi tafiyar ƙafa, na yi addu'a, na yi duk abin da na lissafa miki, suna da amfani amma ba su ishe ni ba. Shekara ɗaya da rabi na sha irin maganin da ke kan tagarki, ina ɓoye shi a gwangwanin allura da zare. Baban yara kaɗai ya sani. Makonnin farko na sha tashin zuciya da ciwon kai, daga baya wata safiya na ji ina rera waƙa ina shanya. Da lokaci ya yi, likita ta rage min shi a hankali har na daina. Kunya ce ta sa na ce miki ki bari, don kada ki tambaye ni inda na san shi. Ki yafe min, na cuce ki mako biyar.

Ban san me zai yi wa mafarkinki ba, ba zan yi miki ƙarya sau biyu ba. Amma ga abin da na sani. Ranar Asabar ɗin nan Ɗigo ta yi wanka da kanta, ta sa rigarta mai aljihu, wai don za ta yi waya da ke. Ta riƙe wayar har ta katse sau huɗu. Ba ta yi kuka ba, ta miƙo min ta ce, "Barci take yi." Jiya kuma malamarsu ta tambaye ta wa zai zo karɓar sakamako, ta ce Mamanta. Ni ta nuna, Auta. Da muka dawo gida ta sake kirana haka, kuma na amsa, don ban san yadda ake ƙin amsa wa yarinya 'yar shekara shida ba.

Ina son ta kamar ni na haife ta, zan riƙe ta har ta yi aure idan ta kama. Amma tana da uwa. Ki koma wurin likitar ki faɗa mata komai, har da bangon.

Yayarki mai ƙaunarki

*

Yaya,

Gaisuwa. Na yi fushi da ke kwana uku, yanzu ya wuce.

Da na karanta takardarki na kwanta da niyya, na ce yau zan ba shi labari. Ya zo, ɗakin ya yi shuɗi har ƙasa, kamar muna zaune a cikin sararin sama. Na ce, "Haƙorin Ɗigo ya faɗi." Bai juyo ba. Na ce, "Ɗigo tana kiran Yaya Mama." Ya taɓa bango ya ce bai bushe ba.

Na farka na zauna a bakin gado ina tunani. Wata goma yana zuwa, ko sau ɗaya bai tambayi yarinyar nan ba. Kin san shi, Yaya. Mutumin da tun daga bakin ƙofa, kafin ya ajiye gwangwani, yake kiran "Ina Ɗigona?" Shi ya raɗa mata sunan, ranar da ya ɗauke ta ya ce ko ɗigon fenti ya fi ta nauyi. Da shi ne da gaske, da tuni ya kore ni daga ɗakin nan ya ce in je in ɗauko masa 'yarsa. Wannan da nake riƙe wa tsani ni na ƙirƙiro shi, shi ya sa ba ya son komai sai abin da nake so, wato mu zauna.

Duk da haka ina son sa, kuma ina tsoron ranar da ba zai zo ba. Na koma wurin likitar na faɗa mata duka. Gobe da safe zan fara. Ki yi min addu'a.

Auta

*

Yayata,

Ina gaisuwa. Yau mako shida da fara maganin. Tashin zuciyar ya wuce, tafiyar ƙafa ban daina ba. Jiya na ji gishiri ya yi yawa a miya har na yi tsaki, sai kuma na tsaya ina mamaki.

Kwana goma sha tara ke nan bai zo ba. Ina kwanciya, ina tashi, ba kowa. Na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da shi. Kada ki ce min zai dawo, kada kuma ki ce gara haka.

Ki kawo min Ɗigo ranar Asabar. Kada ki hana ta kiran ki Mama, ni zan jira nawa. Na shiga kasuwa yau zan saya mata takalmi, mai shagon ya tambaye ni lamba nawa take sawa, na tsaya ina kallonsa. Ki auna min ƙafarta da zare ki ba direban motar haya ya kawo, kada ki faɗa mata ban sani ba.

Sai kun zo.

Ƙanwarki, Auta