Ƙarar Auta a Gaban Ƙungiya

Zuwa ga aminina, Sarkin Gada,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya ƙafar, ta bar ka kana takawa? Yaya mai ɗakinka da jikoki?

Ka tambaye ni labarin ƙungiyar injiniyoyin da muka kafa da ƙuruciya. Tana nan, ba ta mutu ba, ba ta yi rai ba. Tun da suka ɗora mini shugabanci mun sake fentin zaure, mun sayi kujeru, har muka zauna muka auna nauyin da benen zauren zai ɗauka in ya cika maƙil. Wahalar banza! Masu zuwa duk furfura ce, rabinmu kuma gyangyaɗi ke kawo mu. Matasa sun ce abin da ya shige musu duhu a wurin aiki a waya suke tambayar juna, kafin mu gama karanta bayanin taron baya sun sami amsa.

Amma ga dama ta samu. 'Yarka Auta, autar gidana, wadda ka koya wa riƙe awo, ita ke duba wani bene da ake ginawa. Ɗan kwangilar ya rage rodin ginshiƙai, ya ce ta sa hannu, ta ƙi, ya sallame ta. Ta kawo ƙara ƙungiya da ƙafarta, abokanta kuma sun zuba ido su gani ko muna da amfani. In muka tsaya mata za su dawo. Ka taya mu da addu'a.

Naka har kullum,
Tsohon Siminti

Aminina,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, ina rubuto maka ne zuciyata ba daɗi.

An yi taron. Sakatare ya sa maganar Auta can ƙarshe, bayan batun liyafar shekara da kalar labule. Ta zauna a kujerar baya, zanen ginin a nannaɗe bisa cinyarta, tana jira har rana ta yi sanyi. Da aka zo kanta sai na tuna dokar da ni da kai muka rubuta da hannunmu: shugaba ba ya zama a kan shari'ar ɗan gidansa. Na miƙe, na ba mataimakina kujera, na fita baranda ina jin kaina mutumin kirki.

Ashe da ni aka cika adadin da doka ta ce sai da shi ake yanke hukunci. Ina fita, sakatare ya ƙirga kawuna, ya ce taro bai cika ba, an ɗage magana sai zama na gaba. Ka san mu, in takarda ta ce a'a, ko gini na faɗuwa ba ma motsi. Ba wanda ya ce ta buɗe zanen ma a gani.

Ta wuce ni a baranda, ta rusuna ta ce sai na taho gida. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Uwarta ta ce mini na yi gudun gara na faɗa gidan zago, tun ranar kuma gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ka gaida mutanen gida.
Tsohon Siminti

Aminina,

Ina gaisuwa. Na ji an sake duba ƙafar, Allah ya ƙara sauƙi.

Na bi tsofaffinmu gida gida, wasu da motata na ɗauko su, har da mai sanda. Zaure ya cika yadda ko na fita ba abin da zai ragu. Aka duba zanen, kowa ya kama baki, aka rubuta takarda mai zafi cewa Auta ce da gaskiya, kuma a dakatar da ginin. Matashi ko ɗaya bai zo ba.

Na kawo takardar gida ina sauri kamar yaron da ya ci jarrabawa. Na same ta tana ninke kaya. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi mini godiya irin ta baƙo. Sannan ta gaya mini tuni wani ya sa hannun da ta ƙi sawa, an zuba kankare, an shafe ginshiƙan da filasta. Ita kuma ta karɓi aikin koyar da lissafi a wani gari mai nisa, ta bar aikin gini.

Na shiga yi mata bayanin doka, da dalilin da ya sa muka rubuta ta. Ta saurare ni har na gama. Ta ce ta san dokar tun kafin ta je, kuma ta san ƙungiyar ba ta da sauran ƙarfi. Ta ce, Baba, ni ba shugaba na je nema ba ran nan, na je ne don na san ubana yana cikin ɗakin.

 Gobe da safe ni zan kai ta tasha, ta yarda da wannan.

Ka gaida mai ɗakinka. In ka sami hali ka kira 'yarka, wataƙila kai ta saurare ka.

Naka cikin baƙin ciki,
Tsohon Siminti