Tsutsar da Aka Raɗa wa Sunan Ikilima

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai can Afirka ta Kudu. Allah Ya tsare ki, Ya ƙara basira. Mu nan unguwar Kilomita Biyar sai godiya. Babanki ya samu sauƙin ƙafar, har yana takawa Masallacin Koudoukou ranar Juma'a.

Yarinya, labarinki ya iso, amma ba ta bakinki ba. Ƙanwata Ikilima ce ta hau taksi-moto, babur ɗin haya, takanas daga unguwar Miskine, tana ɗaga waya tun daga bakin ƙofa. Wai kin gano wata tsutsa a huhun kwaɗo wadda ba a taɓa sani ba, kuma a al'adar masu bincike wanda ya gano shi ke raɗa suna, ke kuwa kika sa mata sunan Ikilima. Ta nuna min hoton. Ni dai zare na gani. Ita ko sai bayani take, wai da siffar baki da tsawon wutsiya ake bambanta ta da 'yan uwanta, kai ka ce ita ta yi karatun. Yanzu a kasuwa Maman Tsutsa ake ce mata, tana amsawa da singila, wato na gode a yaren garin nan, baki har kunne.

A gaban mutane dariya na yi, na ce Allah Ya raba ni da takwara a cikin kwaɗo. Amma ba zan ɓoye miki ba, kishi ya hana ni cin tuwo ranar. An ce sunan nan ba ya goguwa, yana cikin littattafai ko bayan ranmu. Na san ita ta riƙa bin ki bakin kwata bayan ruwan sama tana riƙe miki gwangwanin kwaɗi. To wa ya wanke kayan da kika dawo da su? Ke 'yar fari ce. Kunya ta hana ni goya ki a gaban mutane, ta hana ni kiran sunanki, haka iyayenmu suka yi mana. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, amma ina tsoron kin ɗauki shiruna rashin so, kin mai da Ikilima uwa.

Akwai wani ƙaton kwaɗo bayan randarmu, numfashinsa ma ban yarda da shi ba, ƙila da wata tsutsar a huhunsa. Na hana kowa korarsa, yana jiran ki.

Babanki da ƙannenki Luqman da Husna suna gaishe ki. Ikilima ma, ai kwa yi waya.

Ke ba ki rubuta sunana ba, to ni ga naki, yau na rubuta shi da hannuna: Fauziyya.

Mahaifiyarki,
Salamatu